Tambayoyinku da Amsoshinmu: Abin da Binciken Jami'o'i Ya Gano Kan Koyar da Lissafi da Kimiyya

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan watan sun karkata ne ga wahalar da yara suke sha a lissafi da kimiyya, da wadda malamansu suke sha wajen koyar da su. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Fiziks ne a wata sakandaren gwamnati a Jihar Katsina, kuma ajina yana da ɗalibai kusan casa'in. Ina yin bayani iyakar iyawata, ina rubuta musu komai a allo su kwafa, suna haddace ƙa'idoji, amma da zarar WAEC ko NECO ta juya tambaya kaɗan sai su faɗi. Shin masu bincike sun gano wani abu da zai taimake ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan matsalar da ka kawo ita ce ta haifar da wani babban fanni na bincike a jami'o'in Amurka, kuma wataƙila ranka zai ɗan yi sanyi idan ka ji cewa ta addabi malaman Jami'ar Harvard kamar yadda take addabarka. A tsakiyar shekarun 1980 David Hestenes da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Arizona suka fara auna ɗaliban Fiziks da wasu tambayoyi waɗanda babu lissafi a cikinsu, sai tunani kawai kan yadda abubuwa suke motsi, kuma a 1992 suka fitar da gwajin a tsararriyar siga. Ga irin tambayar: idan babbar mota ta yi karo da ƙaramar mota, wacce ce ta fi bugun 'yar'uwarta da ƙarfi? Dokar Newton ta uku ta ce ƙarfin bugun daidai yake ta kowane ɓangare, abin da ya bambanta shi ne yadda kowace mota ta ji a jikinta saboda bambancin nauyinsu. Duk da haka ɗalibai masu ɗimbin yawa, har da waɗanda suka ci jarrabawar ƙarshen zango da maki mai kyau, suka ce babbar motar ce. Abin da aka fahimta shi ne, ɗalibi yana shigowa aji da nasa bayanin da ya gina tun yana yaro daga abin da idonsa yake gani, kuma laccar malam ba ta rushe wannan bayanin, sai dai ta samu wuri a gefensa ta zauna. Ranar jarrabawa, idan tambaya ta zo a sigar da ya haddace sai ya ɗauko amsar malam, idan kuwa ta zo masa a baƙuwar siga sai ya koma ga tsohon tunaninsa.

Eric Mazur, malamin Fiziks a Harvard, ya karanta wannan binciken, ya gwada shi a kan ɗalibansa wajajen 1990 da yaƙinin cewa nasa sun wuce nan, amma sakamakon bai yi masa daɗi ba. Daga 1991 ya sauya tsarin darasinsa. Sai ya yi gajeren bayani, ya jefa tambaya guda mai zaɓin amsoshi uku ko huɗu, ya ba kowa minti ɗaya ya yi tunani shi kaɗai, kowa ya nuna zaɓinsa, sannan ya ce kowane ɗalibi ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta bambanta, ya yi ƙoƙarin gamsar da shi. Bayan 'yan mintuna a sake nuna zaɓi, sai malam ya rufe da nasa bayanin. Dalilin da ya sa wannan yake aiki, a cewar Mazur, shi ne ɗalibin da ya gane abu yanzun nan bai manta inda ya yi tuntuɓe ba, alhali malamin da ya gane shi shekara ashirin da suka wuce ya daɗe da mantawa cewa akwai wurin tuntuɓe a nan.

Alƙaluman da suka biyo baya suna da nauyi. A 1998 Richard Hake na Jami'ar Indiana ya tattara sakamakon ɗalibai 6,542 daga azuzuwa 62, ya ga cewa waɗanda aka koyar ta hanyar lacca zalla sun cike kimanin kashi 23 cikin ɗari na giɓin fahimtar da suka zo da shi, waɗanda aka sa su tunani da muhawara a aji kuwa sun cike kimanin kashi 48. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa na Jami'ar Washington suka haɗa bincike 225 da aka yi kan darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci, suka samu cewa masu faɗuwa a azuzuwan lacca sun kai kusan kashi 34 cikin ɗari, a ɗaya ɓangaren kuma kusan kashi 22. Amfanin ya fi yawa a ƙananan azuzuwa, amma ya bayyana har a manya.

Babu abin da ke cikin wannan tsarin da yake buƙatar wutar lantarki. Ɗalibanka za su iya nuna zaɓinsu da yatsu, kowa ya ɗora hannunsa a ƙirji don kada na baya ya kwaikwayi na gaba, kuma cikin daƙiƙa kaɗan za ka ga abin da ke cikin kawunan mutum casa'in, abin da tambayar “kun gane?” ba ta taɓa nuna wa wani malami ba. Idan kusan kowa ya dace, ka wuce. Idan kusan kowa ya kuskure, muhawara ba za ta yi amfani ba, sai ka sake bayani ta wata fuskar. Idan aji ya rabu, a nan ne muhawara take da riba. Ka haɗa da abin da Mary Budd Rowe ta gano a farkon shekarun 1970, cewa yawancin malamai ba sa jira fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya bayan sun yi tambaya, kuma idan suka daure suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suna yin tsawo, kuma yaran da ba su saba magana ba suna fara ɗaga hannu.

Sai dai kada a fahimci wannan da cewa malam zai naɗe hannu ya bar yara su gano dokokin Newton da kansu. John Sweller na Jami'ar New South Wales a Ostireliya ya daɗe yana nuna cewa sabon shiga ya fi koyo idan aka warware masa misalai mataki-mataki kafin a bar shi da nasa aikin. Sannan ka shirya wa ƙorafi. A wani bincike da aka wallafa a 2019, Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Harvard sun ga ɗaliban da aka sa su aiki a aji suna cewa ba su ƙaru sosai ba, sun fi son lacca mai daɗin sauraro, alhali a gwajin da aka yi musu su ne suka fi maki. Naka ɗaliban ma za su ce Malam ya daina koyarwa, don haka ka bayyana musu dalili tun ranar farko.

Tambaya: Ɗana yana aji biyar na firamare a Kano. Idan ya taya mahaifinsa zama a shago, kafin mai saye ya gama ƙirga kuɗinsa ya riga ya faɗi canji, amma a makaranta lissafi ne darasin da ya fi faɗuwa. Malaminsa ya ce ba ya mayar da hankali. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Hajiya, yaron da zai sayar da sabulu uku a kan naira 350 kowanne, a miƙa masa 2,000 ya ce canji 950 ba tare da alƙalami ba, ya iya lissafi. An yi bincike kan yara irinsa. A 1985 Terezinha Nunes Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, na jami'ar tarayya da ke Recife a Birazil, suka wallafa abin da suka gani wajen yara masu sayar da kwakwa da wasu kayan marmari a bakin titi. Sun je a matsayin masu saye, yaran suka dace a kusan kashi 98 cikin ɗari na lissafin ciniki. Da aka ba su waɗannan lambobin a takarda, a sigar lissafin makaranta, sai suka dace a kimanin kashi 37 kawai. Wani yaro da ya faɗi kuɗin kwakwa huɗu a kan 35 kowace daidai, wato 140, da aka ce ya rubuta 35 sau 4 sai ya samu 200, domin ya bi ƙa'idar “riƙe biyu a kai” da aka koya masa ba tare da ya san ma'anarta ba, ya haɗa biyun da ukun kafin ya ninka. A kasuwa yana tunanin kuɗi ne, kuma ya san 200 ta yi yawa, a takarda kuwa alamomi yake jujjuyawa waɗanda ba su da alaƙa da komai a wurinsa.

Abu na biyu da nake zargi shi ne harshe. Ɗanki yana ciniki da Hausa, yana jarrabawa da Turanci, kuma tambayar lissafi da aka rubuta da jimloli tana auna Turancin yaro kafin ta kai ga lissafinsa. Wannan ma an bincika shi a nan gida. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife, wadda yanzu ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo, ya fara wani gwaji a makarantar St. Stephen da ke Modakeke, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, har da lissafi da kimiyya, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa. Sai da suka ƙirƙiri kalmomin kimiyya da Yarabanci suka rubuta sababbin littattafai. Yaran sun fi takwarorinsu a darussa da dama, kuma ba a bar su a baya a Turancin ba. Masu suka sun nuna cewa ajin gwajin ya samu ƙwararren malamin Turanci da kayan aiki na musamman, wanda gaskiya ne, kuma a wurina darasin da ke ciki shi ne koyarwa da harshen uwa tana buƙatar littattafai da horar da malamai, ba sanarwa kawai ba. A Nijar ma an buɗe makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun 1973, aka fara da Hausa a Damagaram. A Nijeriya kuwa manufar gwamnati ta yi ta kai-komo, domin a 2022 an amince a koyar da harshen uwa tsawon shekara shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke wannan manufar.

Abin da ya fi kusa da hannunki shi ne gano matakin da yaron yake tsaye. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da wani tsari wanda masana tattalin arziki na jami'ar MIT da ke Amurka, ciki har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suka gwada sau da dama suka tabbatar yana aiki. Ana zama da kowane yaro na 'yan mintuna a ga ko ya san lambobi masu gida ɗaya, ko masu gida biyu, ko ya iya ɗebewa, ko rabawa, sannan a raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ko shekarunsu ba, a koyar da su awa ɗaya ko biyu a rana da tsinkaye da ake ɗaurewa goma-goma. An gwada wannan tsarin a Kano ma, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. A gida, ki sa ya yi lissafin da ka kamar yadda ya saba, ya faɗa miki da Hausa yadda ya bi, sannan ya rubuta matakan nasa a takarda, ya kwatanta da hanyar malam. Ki roƙi malamin cikin girmamawa ya duba irin kuskuren da yaron yake maimaitawa, domin kuskuren da yake dawowa iri ɗaya alama ce ta wata ƙa'ida da aka fahimta a karkace.

Tambaya: 'Yata ta ce lissafi na maza ne, kuma ni kaina na tsane shi tun ina makaranta. Gado ne? Daga wata uwa a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, abin da ake gada a nan ya fi kama da tsoro. A 2010 Sian Beilock da abokan aikinta na Jami'ar Chicago suka bi malamai mata 17 na aji ɗaya da biyu tsawon shekara guda. A farkon shekara babu wata alaƙa tsakanin fargabar malama da makin yara, amma a ƙarshenta, 'yan matan da malamarsu take tsoron lissafi sun fi yarda cewa lissafi na maza ne, kuma waɗanda suka yarda da hakan makinsu ya yi ƙasa. Binciken ƙarami ne, amma ya isa ya sa ki daina cewa kin tsani lissafi a gabanta. Ki ba ta labarin Grace Alele-Williams, wadda ta yi digirin digirgir kan koyar da lissafi a Chicago a 1963, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Nijeriya lokacin da aka ba ta Jami'ar Benin a 1985.

Tambaya: Ina da makaranta mai zaman kanta, firamare da ƙaramar sakandare, a Kaduna. Kuɗin da ke hannuna ba zai wuce abu ɗaya ba: ko kwamfutoci, ko ɗakin gwaje-gwaje, ko horar da malamai. Iyaye sun fi son kwamfutoci. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Alhaji, iyaye suna son abin da ido yake gani, kuma ba na ganin laifinsu, amma bincike bai goyi bayansu ba. Ƙasar Peru ta raba wa yaran karkara kwamfutocin tafi-da-gidanka masu ɗimbin yawa, kuma binciken da aka fitar a 2012 kan makarantu sama da 300 bai ga wani ƙarin maki a lissafi ko karatu ba. Ko littattafai ma ba sa aiki su kaɗai. Michael Kremer da abokan aikinsa sun bi makarantun yammacin Kenya da aka raba wa littattafai a shekarun 1990, suka ga waɗanda suka amfana su ne yaran da dama can suke kan gaba, saboda littattafan da Turanci aka rubuta su, kuma sun yi wa sauran yaran nisa.

Ni dai malamai zan zaɓa, amma ba taron bita na kwana biyu da ake raba jaka da takardar shaida ba. Ka fara da gwada malamanka da tambayar da Liping Ma ta yi wa malaman firamare 23 a Amurka da 72 a ƙasar Sin, a binciken da ta wallafa a 1999: a raba ɗaya da kwata uku da rabi, sannan a ƙirƙiri labarin da ya dace da wannan lissafin. Ƙasa da rabin Amurkawan ne suka samu amsar, wato uku da rabi, kuma mutum ɗaya tak ya kawo labarin da ya dace, yawancinsu sun rikita rabawa da rabi da rabawa gida biyu. Malaman Sin duka sun samu amsar, kuma mafi yawansu sun kawo labari, alhali shekarun karatunsu ba su kai na Amurkawan ba. Labarin da ya dace shi ne kamar a ce: rabin mudu nawa za a auna daga mudu ɗaya da kwata uku na gero? Malamin da ba zai iya wannan ba, abin da zai koya wa yara shi ne haddar ƙa'idar “juya ka ninka”, kuma daga nan ake samun irin yaron da wata mai karatu ta ba da labarinsa a sama.

Hanyar gyara da ta fi sauƙin kuɗi ta fito ne daga Japan, inda malaman makaranta ɗaya suke zama su tsara darasi guda tare, ɗayansu ya koyar sauran suna kallon yara, suna rubuta inda suka rikice, sannan a sake zama a gyara darasin. James Stigler da James Hiebert ne suka jawo hankalin duniya gare ta bayan sun nazarci hotunan bidiyo na azuzuwan lissafi a Jamus da Japan da Amurka a shekarun 1990. Hukumar haɗin gwiwa ta Japan ta kawo shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya Kenya a 1998, ta kawo shi Nijeriya a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato, don haka za ka iya samun malaman da suka san tsarin a jiharka. Abin da zai ci maka shi ne awa biyu a mako da za ka cire daga jadawali ka biya malamai a kansu. Idan wani abu ya rage, akwai ƙananan kayan gwajin Kemistiri da Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu ta ƙera, masu amfani da ɗigo-ɗigon sinadari a kan teburin aji, da kuma manhajojin PhET na kyauta masu kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya a fuskar kwamfuta da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, waɗanda kwamfuta ɗaya ta ishi aji kallonsu.

Tambaya: Ina digiri na biyu a fannin koyar da kimiyya. Na duba ɗakin karatu na ga kundaye masu yawa, kowanne yana cewa sabuwar hanyarsa ta fi tsohuwa, amma babu abin da ya sauya a makarantu. Yaya zan yi nawa ya bambanta?

Amsa: Ɗana, ka lura da abin da ya kamata a lura da shi. Yawancin irin waɗannan kundayen gini ɗaya gare su: aji biyu, mako shida, mai binciken da kansa ya koyar da ajin gwaji da dukkan ƙarfinsa, ya bar ɗayan ajin ga gajiyayyen malami, shi ya rubuta jarrabawar, shi ya duba ta. A irin wannan tsarin kowace hanya za ta yi nasara, domin abin da aka auna shi ne himmar mai binciken. Idan kana son naka ya tsaya da ƙafarsa, ka bar malaman makarantar su koyar da kansu, ka yi ƙuri'a wajen zaɓen ajin da zai samu sabuwar hanya, ka yi amfani da gwajin da wasu suka tsara aka riga aka tantance shi, ka koma bayan wata biyu ko uku ka ga abin da ya saura a kan yara. Idan sakamakon ya nuna babu bambanci, ka rubuta hakan, ko da mai duba aikinka zai ɓata rai.

Akwai kuma aikin da ya fi wannan sauƙi, wanda muke matuƙar buƙata. Ka zauna da yara talatin ko arba'in ɗaya bayan ɗaya, ka tambaye su da Hausa me ya sa ƙarfe yake nutsewa jirgin ruwa kuma yana yawo, ko daga ina itace yake samun nauyinsa, ka rubuta amsoshinsu kamar yadda suka faɗa, ka ware waɗanda suke maimaituwa. Daga nan ka tsara tambayoyi masu zaɓi waɗanda amsoshin kuskurensu daga bakin yaranmu suka fito. Bayan ka gama, ka taƙaita abin da ka gano a shafi biyu, da Hausa da Turanci, ka kai wa malaman makarantun da suka ba ka azuzuwansu, ka kuma gabatar da shi a taron Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda take aiki tun 1957.